Rama a Tandun Isiyaku

Dukawuya, Birnin Kano
9 ga Mayu, 1968

Zuwa ga ƙanwata Mero,

Gaisuwa mai yawa, tare da so da yarda da aminci. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Ilu da yara, da duk mutanen Nguru da suka san mu. Idan kin tambaye mu, muna nan sai godiyar Allah, in ban da jikin Inna da kika sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in gaya miki autanku ya dawo. Ranar Laraba motar soja ta sauke Isiyaku a bakin titi, ya shigo lungu yana ɗingishi da sanda. Harsashi ya same shi a cinya can wajen Anaca, an cire, an ba shi hutu sai ya warke. Ya rame, ya yi baƙi, amma bakin nan nasa yana nan yadda kika san shi, bai iya shiru ba.

Mero, wata uku ke nan Inna ba ta tashi zaune da kanta ba. Likita ya ce mu dawo da ita gida, abin da ke cikinta ya wuce hannunsu. Babu malamin da ban je wa rubutu ba daga nan har Koki, babu sassaƙen da ban jiƙa ba. Amma da ta ji sandar yaron nan a tsakar gida, wallahi zumbur ta tashi. Ina zaure ina jin ta, «Isiyaku! Isiyakuna ne?» Na ƙirga, kafin azahar ta kira sunan nan ya fi sau ashirin. Ni kuwa kin san matsayina. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a sakar masa fuska. Wurin Kaka na tashi, na dawo gidan nan da gemuna. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin Haruna daga bakinta ba, ko Gwadaben da kowa ke kira. In tana son gero sai ta ce wa matata, «Indo, gaya wa na zaure.» Ni ne na zaure. Gaisuwa ma daga bakin ƙofa nake durƙusawa in yi ta, ta amsa tana kallon bango. Na san al'ada ce, ba ƙi ba ne. Na sani. Ki bar ni dai in faɗa.

Yanzu ga sabon labari. Kin tuna ɗakin Baba na soro, wanda damina ta ɓula rufinsa bara, rana take shiga ta ɓular? Isiyaku ya ce shi can zai zauna. Mai ciwon cinya ya ga ɗaki a ƙasa ya ƙi, sai hawa matakala. Ashe da dalili. A cikin zabirar da na ɗinka masa ranar da zai tafi, ya zo da wasu 'yan iri, wai wani tsohon saje da ya yi yaƙin Bama ne ya ba shi, wai shi suke ba waɗanda ciwo ya hana ci. Na ce irin mene ne, ya yi dariya ya ce, «Yaya, maganin Inna ne, kai dai ci gaba da ɗinkin layunka.»

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa tukwane ne. Manyan tukwanen nan huɗu da Inna ta yi shekara da shekaru tana dafa ramar kwaɗonta na sayarwa a ciki, waɗanda Indo ta roƙa don ajiye ruwa aka ce mata ba a taɓa su, su Inna ta ce a hau masa da su soro ya cika da ƙasa. Kuma ni na ɗauka a ka na hau da su, ɗaya bayan ɗaya, tunda mai ƙafa ɗaya ba zai iya ba.

Ki gai da Malam Ilu. Indo tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta ga daddawar da kika yi mata alkawari ba.

Ni ne yayanki,
Gwadabe


Dukawuya
22 ga Satumba, 1968

Zuwa ga Mero,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, mun ji daɗi. Indo ta raɗa mini wani labari game da ke, ba zan ce komai ba sai Allah ya raba lafiya. Kada ki ce za ki shiga jirgi a haka, balle yanzu da taragon duk sojoji ne.

Kin tambayi jikin Inna. Zan gaya miki gaskiya ko da ba ta yi mini daɗin faɗa ba: Inna ta samu sauƙi.

Abin da ƙaninki ya shuka wiwi ne, Mero. Ba sai na ɓoye miki ba. Na gane tun da warinsa ya fara saukowa daga soro, sai dai Allah ya taimake shi gidan dukawa ne, warin fata ya danne. Duk damina yaron nan bai da aiki sai tukwanen nan. In rana ta juya ya ja su ya bi ta da su, in hadari ya taso ya janye su daga ɓular rufi. Ya sa wa ƙofar kwaɗo, mabuɗin yana wuyansa tare da layu. Ran nan na hau duba azara, na tarar sun wuce ni tsayi, yana zaune a tsakiyarsu yana tsince busassun ganye yana yi musu magana. Ka ce 'ya'yan da ya haifa ne. Ganyen kuwa yatsu-yatsu, sak na rama. Har Jummai maƙwabciyarmu ta hango wani reshe ta taga ta ce, «Oh, jini ba ya ɓuya, ɗan mai rama ya shuka rama a soro.» Muka bar ta a haka.

Na kira shi zaure na yi masa magana ta hankali. Na ce ka san dokar da soja suka kafa, ku ɗin nan dai, cewa wanda aka kama da shukar abin nan, in bai rasa ransa ba zai tsufa a kurkuku? Kuma gidan nan sunan wa ake kira da shi in ba nawa ba? Ya sunkuyar da kai ya ce, «Yaya, na ga mutanen da hanjinsu ke waje sun sha wannan sun nemi abinci. Ka bar ni in gwada, in bai yi ba ni zan tuge su da hannuna.» Na ƙyale shi, don a raina na tabbata maganin ba zai yi ba.

Makon jiya na sama ya sare su, ya rataye a jikin azara kai ƙasa, suka bushe a inuwa. Ya zauna ya murje a faifai, ya tsince itatuwan. Sannan ya sauko ya ce in yi masa tandu mai murfi mai kamawa. Na yi masa, kuma ban yi ha'inci ba, tandu ne da za a kai wa sarki. Kullum da safe yakan haɗa ɗan kaɗan da man shanu ya zuba a kunun tsamiya, ya shiga ɗakinta ya zauna a bakin gado, ya tallafo kanta ya ba ta.

Kwana na uku Inna ta ce tana son tuwon dawa miyar kuka. Ta cinye malmala guda. Jiya ina zaure ina huda fata, sai na ji wani abu da na manta da shi, dariyarta. Tana ba shi labarin yadda akuyar liman ta taɓa kifar mata da kwaɗo, tana dariya har da tari. Daga nan ta shiga sa masa albarka. Allah ya yi maka albarka Isiyaku, Allah ya ba ka masu yi maka, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya. Basilla ta shige mini yatsa ban ji ba sai da na ga jini a kan fatar mutane.

Ki ce mini mugu, na yarda. Uwata ta ci abinci, ya kamata in yi sujada, kuma na yi. Amma da na ɗago, abin yana nan a ƙirjina. Shekara goma sha biyu tun rasuwar Baba, wa ya ciyar da gidan nan? Wa ya yi yaɓe duk shekara? Lokacin da shafaffen nan ya gudu ya shiga soja ba sallama, wa ya zauna ya ji kukanta ta bayan bango? Ni dai ban taɓa samun ko «sannu» ba sai ta bakin Indo. Shi kuwa ya zo da abin da 'yan tasha ke busawa, an juye masa albarka kamar ruwan indararo. Kishi nake, Mero, kishin ƙanena, da furfurata.

Wannan takarda ki karanta da kanki, kada ki ba Malam Ilu.

Yayanki,
Gwadabe


Dukawuya
17 ga Nuwamba, 1968

Zuwa ga Mero,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida. Mu ma lafiya.

Isiyaku ya koma. Takarda ta zo daga bariki, ƙafa ta warke, ana neman kowa a bakin daga. Inna ta riƙe rigarsa, ya ce, «Inna, oda ce, ba a musu da ita.» Ranar da zai tafi ya same ni a zaure ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire mabuɗin soro daga wuyansa, ya ajiye tandun a gabana, cike taf. Ya ce zai kai ta har bayan Babbar Salla in an bi a hankali. Akwai kuma sababbin shuka biyu da ya sake yi a tukwane, ya ce in riƙa ba su ruwa. Sannan ya ce, «Yaya, don Allah da hannunka za ka riƙa ba ta, kada ka bar wa Indo. Ba ta sha sai an zauna kusa da ita. Ka ajiye kunyar nan, mara lafiya ce.» Na ce to. Na raka shi har bakin mota, na ƙara masa laya biyu.

Yanzu ki saurara, kuma kada ki yanke mini hukunci sai kin kai ƙarshe.

Kwana biyu da tafiyarsa aka kama wani mai gyaran keke a wajen Ƙofar Ɗan Agundi da ƙullin abin nan, an ce har gidansa aka bincike. Na zauna na yi tunani. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Kakin da zai kare mu ya tafi. In aka shigo gidan nan wa za a ɗaure? Kuma ni almajirin malamai ne, na je karatun asuba shekara ashirin, yaya zan riƙa ba uwata abin maye da hannuna tana bakin kabari? Sauƙin da ta samu ma, na ce, ganin ɗanta ne, ba ganye ba.

Ranar Litinin bayan la'asar na hau soro na tuge shukar biyu. Na juye tandun a buhu, na haɗa, na ɗora tarkacen fata a sama, na kai kududdufin bayan unguwa na zuba, na danna da dutse. Na biya kasuwa na sayi busasshiyar rama, na murje ta da kaina yadda na ga yana yi, na cika tandun. Ko shi ya dawo sai ya shinshina zai gane. Na ce tsamin rama zai ɓace a cikin kunun tsamiya, tsami ne ya haɗu da tsami.

Washegari na dama, na yi sallama, na shiga ɗakin. Mero, kin san ban taɓa wuce dokin ƙofar nan ba? Ashe akwai hoton Baba a bango, ban sani ba. Na zauna inda yake zama, na tallafo kanta. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ƙwarya. Ta kurɓa, ta tsaya, ta ɗan dube ni ta gefen ido, sannan ta shanye tas. Na karɓi kofin na fito. Yau kwana shida ke nan, kullum tana shanyewa. Kin gani ko? Da ma na faɗa, ba ganyen ba ne.

Na yi abin da ya dace da babba a gida. Na kare gidan, na kare ta. Amma tunda ke ce, ba zan ɓoye ba, lokacin da buhun ya nutse na ji wani sanyi a raina wanda ba na tsoron doka ba ne.

Azumi ya matso, Allah ya kai mu. Ki yi mini addu'a.

Yayanki,
Gwadabe


Dukawuya
5 ga Janairu, 1969

Zuwa ga Mero,

Bayan gaisuwa, da barka da Salla ko da ta wuce. Na samu takardarki. Ban taɓa sanin kin iya zagi da alƙalami haka ba. Kin ce ba doka na ji tsoro ba, ba kuma Allah ba, albarkar Isiyaku na kai kududdufi. Na karanta sau uku ina neman inda zan ce kin yi ƙarya, ban samu ba.

Ciwon ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfinsa. Tun tsakiyar azumi ta daina cin tuwo. Ba ta kuka, ba ta kiran kowa, sai dai ki ga ta damƙe bakin gado har jijiyoyin hannunta su tashi, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Indo ta ce mini, «Malam, anya maganin nan bai lalace ba?» Na daka mata tsawa, ita da ba ta san komai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunun. Ruwa ma da ƙyar yake wuce mata, amma da ta ji sallamata da safe sai ta gyara ɗankwali, ta matsa ta ba ni wuri a bakin gado, ta shanye ramar nan har ƙasan kofi. Wani lokaci in na tashi zan fita sai ta ce, «Ai bai gama sauka ba,» in koma in zauna. Ba hira muke ba. Ita tana kallon bango, ni ina kallon tabarma.

Takardar Isiyaku ta zo daga wajen Inugu, yana tambaya ko maganin yana aiki. Na karanta mata daga inda nake zaune. Ta ce wa Indo, «A rubuta masa yana yi, har na yi ƙiba.» Ni na rubuta da hannuna.

Kada ki ce ban nemi gyara ba. Na koma kududdufin da gora ina tono, sai taɓo. Na cire rawani na sa wata tsohuwar hula na tafi bayan tasha inda aka ce ana samu. Ki dubi yayanki da gemu da tabon salla yana raɓe-raɓe yana tambayar 'yan iska ko akwai ganye. Duk wanda na tunkara sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai san zancen ba, sun ɗauka ɗan sandan ciki ne. A rana ta uku wani mai jajayen idanu ya ja ni lungu ya danƙa mini ƙulli, na taho gida da sauri kamar an biyo ni. Na kwance a soro. Rama ce, Mero. Busasshiyar rama aka sayar mini. Na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ba dariya ba ce.

Ina zaune a wurin sai na tuna inda yake murza ganyen a faifai. Na ɗauko tsintsiya na share ɗakin kaf, na bi tsagar daɓe da basilla, na tankaɗe ƙurar a rariyar Indo. Na samu ƙwaya bakwai. Na shuka a tukwanen Inna. Uku sun tsiro, biyu sun kwanta, saura ɗaya. Yanzu ni ne mai jan tukunya ina bin rana, ni ne mai hawa soro sau biyar a yini. Jiya na kama kaina ina ce masa ya yi sauri don Allah. Tsawonsa bai wuce yatsana ba, na Isiyaku kuwa sai da ya yi wata huɗu da ɗoriya.

Sau biyu ina buɗe baki in gaya mata, sai in kasa. Wanda bai taɓa yin hira da uwarsa ba, da wannan zai fara?

Allah ya sauke ki lafiya. Ki aiko da labari da wuri.

Yayanki,
Gwadabe


Dukawuya
11 ga Fabrairu, 1969

Zuwa ga ƙanwata Mero,

Gaisuwa, da ta'aziyyar juna. Na san wayar da Malam Ilu ya karɓa ta riga wannan takarda. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zama kaffara. Kada ki ce za ki taso da ɗanyen jego, ki bari ki yi arba'in. Ta ji labarin haihuwarki kafin ta cika, kuma da aka ce mata mace ce an sa sunanta, ta yi murmushi ta ce Allah ya sa kada ta gaji sayar da kwaɗo.

Akwai abin da ba a faɗa a waya, kuma ban gaya wa kowa ba, ko Indo.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga da kunu kamar kullum. Ta yi ƙoƙari ta kurɓa sau biyu, na uku ya dawo. Na goge mata baki. Ta ce Indo ta fita ta ja ƙofa. Sai ta juyo daga bango ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san kaina. Ta ce, «Ramar nan taka, ba a zubar mata da ruwan farko ba. Kuma ta bara ce, an cuce ka a kasuwa.»

Kofin ya faɗi daga hannuna. Ta ce, «Shekara arba'in ina dafa rama a gidan nan. Tsamin tsamiya daban, tsamin rama daban. Tun kurɓar farko na sani.»

Na zame daga gadon na durƙusa, ina ta rantse-rantse, ina kawo zancen doka, ina kawo zancen malamai, ina cewa akwai wani a soro ya kusa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Na ce to Inna me ya sa ba ki faɗa ba, kika yi wata uku kina shan azaba? Ta ja numfashi da ƙyar. Sannan ta ce, «In na faɗa, kunya za ta mayar da kai zaure. Ba za ka ƙara shigowa ba.»

Ta ce ranar da aka yaye ni aka miƙa wa Kaka, ta bi bayansu har bakin lungu, aka kore ta aka ce ba ta da kunya. Ta ce duk shekarun nan in ina aiki tana jin ƙarar gudumata daga ɗaki, in ta ji shiru sai ta aiki Indo ta ce gero ya ƙare, alhali bai ƙare ba, don dai ta ji na yi magana. Ta ce, «Isiyaku ya kawo mini barci da tuwo, Allah ya saka masa. Amma na ƙoshi da tuwo a duniya.»

Daga nan ta ɗora hannunta a kaina, ta ce, «Haruna.» Sau ɗaya. A hankali ta faɗe shi, kamar tana ɗanɗanawa. Ta ce, «Allah ya yi maka albarka, na yafe. Kada ka gaya wa ƙaninka, yana da bindiga kuma yana da zuciya.» Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Washegari Juma'a kafin a tafi masallaci ta cika, ina riƙe da kanta.

Mero, zan gaya miki wani abu don ki san irin yayan da Allah ya ba ki. A lokacin da ta kira sunan nan, da hawayena da komai, abin da ya fara zuwa raina shi ne ina ma Isiyaku yana nan ya ji. Ban warke ba ke nan. Na samu abin da na yi shekara arba'in da ɗaya ina jira, kuma na san da me aka saya mini shi, wata uku tana damƙe bakin gado.

Ta ce kada in gaya masa, amma in ya dawo tandun zai fara buɗewa, kuma ba zan wanke shi ba. Na bar ramar a ciki. In ya tambaye ni zan faɗa, abin da zai yi ya yi.

Shukar tana nan a soro, ta kai gwiwata. Ba ta da sauran amfani, kuma dokar da na fake da ita tana nan ba a soke ba. Jiya bayan masu gaisuwa sun watse na hau da niyyar tuge ta. Na tarar rana ta matsa ta bar ta a inuwa, sai na ja tukunyar na mayar da ita cikin haske, na sauko.

Ki shafa mini kan takwarar Inna. Ki yafe mini in za ki iya.

Ni ne yayanki,
Haruna